Akwatin Wanzamin Kifi

Gadarif, farkon Zulƙida

Zuwa ga Dakta Hajar,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida mahaifiyarki da duk abokan aikin marigayi mijina, Baban Iman, na Bur Sudan. Ta'aziyyarku ta iso, Allah ya ba da lada.

Jiya na gane abin da ya sami akwatin da kike ta tambaya. Bayan la'asar ina zaune bayan labule, sai Yaya Sharu, wan marigayi, ya zo gaisuwa. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya yi ƙasa da murya don kada matan da ke tsakar gida su ji, ya ce, "Ummusalama, abin nan na cikin tallaja, ki daina nemansa. Na kawar da shi. Daga ni sai ke sai Allah. Ki yi ta roƙa masa gafara."

Na ce, "Gafarar me, Yaya?"

Ya ce, "Shi ma ɗan Adam ne. Shekara da shekaru yana zaune shi kaɗai a garin jiragen ruwa. Ma'alesh, sai haƙuri."

Dakta, Yaya Sharu yana zaton mijina mashayi ne.

Bari in faɗa miki yadda aka yi. Bayan ƙaramar Salla Baban Iman ya iso gida da shuɗin akwatin nan a kan cinyarsa, ko jakar kayansa bai damu da ita haka ba. Ya ce firjin wajen aikinku ya mutu saboda ɗaukewar wuta. Tallajata kuwa, wato nawa firjin, da hasken rana take aiki, a ciki nake daskarar da tsamiya da kuka ina sayar wa yaran unguwa. Ya kwashe mini rabin kayan sana'a ya zaunar da akwatinsa, ya ce baƙo ne, in haƙura da shi kwana kaɗan, zai kai shi Gallabat ya miƙa wa wani da zai tsallaka iyaka da shi. Kafin ya tafi zazzaɓi ya kwantar da shi. Sauran kin sani.

Ranar zaman makoki gida ya cika, ga zafi, mata suna neman inda za su sanyaya ruwa. Wata ta fito da akwatin ta ajiye a gindin bango. Ashe Yaya ya buɗe. Ya ga ƙananan kwalabe jere kamar haƙoran masara, ga kuma wata babbar gorar ruwa cike da farin abu. Da ya shinshina sai ya ji warin arakin da leburori suke sha a ɓoye a gona. Bai tambayi kowa ba, ya lulluɓe akwatin da rawaninsa ya kai mota.

Ban ji haushinsa ba, wallahi. Ƙaninsa yake rufa wa asiri. Amma asirin da yake rufewa babu shi, kuma yanzu duk sanda ya ɗaga hannu zai yi wa ƙaninsa addu'a, da wannan zaton yake yi. Wannan shi ne abin da ya hana ni cin abinci jiya.

Na san ba giya ba ce, na san kifi ne a ciki. Sai dai ban iya bayani ba. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma duk sanda Baban Iman ya fara ba ni labarin aikinsa dariya nake yi, ina ce masa ɗan manoman riɗi me ya haɗa shi da kifin teku. Shi ma sai ya yi dariya ya bari. Yanzu ga shi ina buƙatar maganar, mai maganar ba ya nan.

Ina cikin takaba, ba fita zan yi ba balle in bi sawun akwati. A waya kuma da na ambace shi muryata take tsinkewa, shi ya sa na ɗauki biro. Omer direban bas zai kawo miki wannan. Don Allah ki rubuto mini a Hausar da zan iya maimaita wa Yaya: mene ne a cikin kwalaben nan, kuma me ya sa mutum mai salla zai ajiye abu mai irin wannan wari?

Allah ya bar zumunci. Wassalam.

Ummusalama, matar marigayi

*

Bur Sudan, tsakiyar Zulƙida

Zuwa ga 'yar'uwata Ummusalama,

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina miki gaisuwar haƙuri, ke da Iman da ƙaninta Husain. Allah ya jiƙan Ustaz Abdulganiyyu, ya sa ya huta.

Na karanta takardarki a tsaye a tashar bas. Shekara shida ina aiki ƙarƙashinsa. Ga bayanin, ki karanta wa Sharu yadda yake.

A tekunmu akwai wani jan kifi mai ɗigo-ɗigo, najil ake ce masa. Shi ne kifin da ya fi daraja a kasuwa, da shi masunta da yawa suke riƙe gidajensu. Akwai lokacin da yake taruwa wuri ɗaya don hayayyafa, masunta kuma sun san wuraren, can suke zuwa su kwashe. Tsofaffinsu sun daɗe suna cewa kifin yana raguwa. Matasa kuwa suna cewa teku ɗaya ce, idan na nan ya ƙare na can zai zo ya cike.

Abin da Ustaz ya so ya sani ke nan. Shin najil na arewa, wajen Dungunab, da na tsibiran Sawakin, da na can kudu, dangi ɗaya ne masu auratayya, ko kuwa kowane yanki da zuriyarsa? Idan dangi ɗaya ne, wurin da aka kwashe yana iya farfaɗowa. Idan kowa da gidansa, duk gidan da aka ƙarar to ya tafi ke nan. A ido ba a ganewa, duk ja ne masu ɗigo. Amma kowace halitta tana ɗauke da gadon iyayenta a cikin tsokarta, kuma akwai na'urar da ke karanta wannan gado, ta nuna wa ya haɗa kaka da wa.

Don haka yakan je bakin ruwa idan jirage sun dawo, ya roƙi masunci izini, ya yanki ɗan guntun fiffiken kifi, bai fi ƙwayar wake ba, ya jefa a kwalba. Ruwan ciki isbirto ne, irin wanda ake goge fata da shi a asibiti kafin allura. Shi ke hana tsokar ruɓewa. Babbar gorar kuma ta ƙari ce, da ita yake wanke almakashi tsakanin kifi da kifi don kada gadon wannan ya gauraya da na wancan.

Da farko masunta korarsa suke yi, wai zai ɓata musu kaya. Bai yi musu lacca ba. Ya riƙa taya su jan igiya da ɗaukar ƙanƙara, har suka saba da shi. Suka sa masa suna Wanzamin Kifi. Da jirgi ya matso za ki ji ana ihu, "Ya wanzami, zo ga masu aski sun iso!" Shi kuma ya zaro wani tsohon ɗan almakashi mai jan zare a kunne ɗaya, wanda ba ya yarda kowa ya taɓa, ya ce, "A yi layi, babba gaba." Akwai ranar da ya tsayar da jirgi a tsakiyar ruwa don azahar za ta wuce, mai jirgi yana ta faɗa, shi ko a jikinsa.

Kakannina alhazai ne da suka zo Sawakin jiran jirgi, jiran ya zama zama. Ni na tashi ina kallon teku, amma Ustaz, ɗan ƙauyen Simsim, ne ya koya mini tambayarta.

Yanzu maganar gaggawa. Abin da ke cikin akwatin nan aikin shekara uku ne, kuma wasu wuraren da ya ɗebo yanzu ba sa shiguwa. Idan murafen suna rufe gam kuma wurin da sanyi, za su jure na wani lokaci. Rana da ruwa ne abokan gabarsu. Don Allah ki gano mini ko zubarwa ya yi ko ɓoyewa.

Ki gaida Sharu da girmamawa. Ki ce masa ban ga laifinsa ba.

Taki,
Hajar

*

Gadarif, ƙarshen Zulƙida

Zuwa ga Dakta Hajar,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya zafin garinku? Takardarki ta zo, sau uku na karanta ta kafin in aika a kira Yaya.

Ya zo ya zauna a kan tabarma a waje, ni ina ciki. Na fara karantawa. Da na kai wajen isbirto sai ya ce, "Ummusalama, ke mace ce ta gari, kina kare mijinki. Ita ma daktar tana kare maigidanta. Allah ya saka muku. Amma hancina ba na aro ba ne, shekara talatin ina korar leburori a kan wannan wari."

Na ce, "Yaya, mashayi yana zuba abin shansa a kwalbar da ba ta kai ɗan yatsa ba?"

Ya ce, "Me na sani game da shan 'yan boko?"

Har na kusa dariya, Allah ya gani. Na ci gaba da karatu. Da na zo inda masunta suke kiransa wanzami, na ji ya gyara zama. Da na ambaci almakashi mai jan zare, sai ya ce, "Tsaya. Maimaita."

Na maimaita.

Na ji ya matso bakin labule. Can ya ce, "Na Baba ne."

Dakta, abin da ba ki sani ba, ni ma ban haɗa ba sai a lokacin, mahaifinsu wanzami ne. Shi ya yi wa rabin mazan Simsim aski da kaciya. Da ya rasu zabirarsa ta koma hannun Yaya, amma babu wanda ya gaji sana'ar a cikinsu, ɗaya ya bi tarakta ɗaya ya bi makaranta. Yaya ya ce ya daɗe da lura ƙaramin almakashin ba ya cikin zabira, har ya taɓa zargin matarsa Jummare da ba wa tela aro. Ya ce, "Ashe ja'irin yaron nan ne ya ɗauke, ya kai wa kifi." Ya ce Babansu ma haka yake, ba ya taɓa kan mutum na biyu sai ya wanke ƙarfensa.

Sannan ya faɗa mini gaskiya. Gorar ya tuntsurar da ita a hanya. Akwatin kuwa bai zubar ba, ya naɗe shi a buhu ya binne a gonarsa ta Simsim, a gindin wata aduwa da ke kan iyaka. Na ce alhamdu lillahi, gobe sai a tono. Ya ce ba zai yiwu ba. Wai da ya gama mayar da ƙasa, ya tsaya a kan ramin ya rantse da Allah ba zai tone ba, ba zai nuna wa kowa wurin ba har ya mutu.

Na ce, "Yaya, rantsuwa tana da kaffara. Ka ciyar da miskinai goma. Ni zan dafa, ai takaba ba ta hana ni hura wuta ba."

Ya ce, "Ban taɓa karya rantsuwa ba tun da na balaga."

Na ce, "To ka zaɓa. Ko ka karya ta, ko ka bar ƙaninka a binne sau biyu."

Ban san daga ina maganar ta fito mini ba. Na ji kunya bayan na faɗa, don ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ya ɗauki takalmansa ya fita.

Tun ranar bai dawo ba. Shekaranjiya hadari ya taso daga wajen Habasha, jiya an yi yayyafi. Ke ba ki san ƙasarmu ba. Baƙa ce, da rani takan tsage har ƙafar akuya ta faɗa, da ruwa ya sauka kuma sai ta haɗe ta zama danƙo, mota ba ta shiga Simsim. Duk tsagar da ke gindin aduwar nan hanyar ruwa ce.

Wani abu ya dawo mini yanzu. Baban Iman ya taɓa ɗebo riɗi a tafin hannu ya ce mini, "Idan irin gonarki ya ƙare kina iya roƙon maƙwabciya. Ni so nake in sani ko kifin nan yana da maƙwabciya." A lokacin ce masa na yi ya mayar mini da riɗina a kwano. Mutum yana zaune da kai shekara ashirin, yana ɗauke da tambaya irin wannan a kansa, kai kana ganin mai son shayi da sukari uku ne kawai.

Ki taya ni addu'a. Wassalam.

Ummusalama

*

Simsim, bayan babbar Salla

Dakta Hajar,

Sallama da gaisuwa. Ni ne Sharu, wan Abdulganiyyu. Hannuna ya fi sabawa da sitiyari, ki yi haƙuri da rubutun.

Na tono. Na tambayi malami ba tare da na faɗa masa ko mene ne ba, ya ce idan abin da ka rantse a kai ya zama barinsa ya fi alheri, ka bari ka yi kaffara. Na yi. Dawata ce, Ummusalama ta dafa, ta sa nama fiye da yadda na ce.

Da tarakta na shiga, mota ta ƙi. Laka har gwiwa. Ruwa ya kai ga buhun, buhun ya ruɓe, amma akwatin yana rufe. Da na taɓa shi sanyi ƙalau, don na zurfafa ramin sosai, ba don kifinku ba, don kada kare ya tono.

Na buɗe kwalba ɗaya a rana na duba da kyau. Guntun fiffike ne, ja, da 'yar takarda a ciki da rubutun fensir. Hannunsa ne. Ni na koya masa riƙe fensir, ba zan kasa ganewa ba.

Akwai guda bakwai da suka bushe. Waɗanda na buɗe na shinshina ne ranar makoki, ban mayar da murafen daidai ba. Ki rubuta wannan a kaina, kada ki rubuta a kansa.

Ba zan ba Omer ba, yaron nan ramin hanya ba ya gabansa. Ni zan kawo da kaina idan na gama shuka. Kafin nan yana cikin tallajar matar ƙanena, ta kwashe duk tsamiyarta ta bar masa wurin, yaran unguwa suna ta ƙorafi.

Almakashin kuma a ajiye mini shi. Gani kawai zan yi.

Wassalam.
Sharu

*

Bur Sudan, Muharram

Zuwa ga 'yar'uwata Ummusalama,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna lafiya, damina kuma tana yin kyau.

Sharu ya iso lafiya. Ya sauko daga bas da akwatin a rungume, an naɗe shi da bargo da ƙanƙararki. Na miƙa hannu zan karɓa, ya ce sai ya ga inda za a ajiye tukuna. Na kai shi, ya buɗe sabon firjinmu, ya sa hannu ya ji sanyin, ya tambayi mai gadi ko wannan ma yana mutuwa. Sai da aka hau da shi rufi aka nuna masa farantan hasken rana sannan ya saki.

Na duba kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Rubutun waje ya goge a da yawa, amma Ustaz bai taɓa yarda da rubutun waje ba, kowace kwalba sai ya sa takardar fensir a ciki. Muna yi masa tsiya a kan haka, muna cewa aiki biyu ne. Ban da bakwai ɗin nan, sauran suna nan lafiya, na ƙara musu isbirto.

Washegari na kai shi bakin ruwa lokacin dawowar jirage. Bai taɓa ganin teku ba. Ya tsaya ya daɗe, sannan ya ce, "Duk wannan fili ba mai nomawa?" Da masunta suka ji ɗan'uwan wanzami ne sai suka yanyame shi. Wani tsoho ya kama gemunsa yana kuka. Sharu ya ja shi gefe, ina jinsa ya tambaye shi da Larabci, a hankali, yaya ƙaninsa yake a cikinsu. Tsohon ya ce, "Ya zol, bawan Allah, mutumin da ya hana mu sakat da salla? Ka tambayi mai jirgin can asarar da ya ja masa!" Kowa ya fashe da dariya. Sharu ya yi dariya shi ma, sannan ya juya wa mutane baya ya fuskanci ruwa, muka ƙyale shi.

Na ba shi almakashin. Ya jujjuya shi, ya ce in nuna masa yadda ake yi. Aka kawo najil ɗaya, ya wanke ƙarfen da isbirto da hannunsa, ya yi bisimilla ya yanka. Masunta suka yi ta ihu wai an naɗa sabon wanzami. Ya ce a kawo miki almakashin, ke ya kamata ki riƙe. Yana cikin wannan ambulan.

Ba zan ɓoye miki ba, amsa ba ta kusa. Na'urar da ke karanta gadon babu ita a nan, wanda zai karɓa a Gallabat kuma ya daɗe da tafiya, ina neman wata hanya. Sannan kifin kudu, wajen Agig, Ustaz bai kai ga ɗebowa ba. Can ya yi niyyar zuwa bayan ya dawo daga wajenku.

Ki shafa mini kan yara.

Taki,
Hajar

*

Gadarif, Safar

Zuwa ga 'yar'uwata Hajar,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Mama.

Na fita takaba ranar Juma'a. Yaya ya zo, karo na farko ba labule a tsakaninmu. Ya tara yara ya ba su labarin babansu har la'asar, ya tashi tsaye yana gwada yadda ake jan igiyar jirgi. Da zai yi addu'a ya ce, "Allah ka jiƙan wanzami ɗan wanzami." Na saurara da kyau. Irin addu'ar da ake yi wa kowane mutumin kirki ce, babu wani abu a ƙarƙashinta. Ranar na ci abinci na ƙoshi.

Almakashin na mayar miki da shi, Omer zai ba ki. Na sake masa jan zare, tsohon ya kusa tsinkewa. A wajena zama kawai zai yi a cikin kwalla, shi kuwa bai gama aikinsa ba. Idan za ki Agig ki aiko mini. Bayan an yanke riɗi ina iya barin yara wajen Jummare, in riƙe miki kwalabe, wannan dai na iya.

Allah ya bar mu tare. Wassalam.

Ummusalama

Na manta. Iman ta tambaye ni ko kifin dangi ɗaya ne. Na ce mata ba a sani ba tukuna. Na kudu ba a ɗebo ba, na cikin akwatin kuma ba a karanta ba.